Kwamfuta ta ce ba daidai ba, alhali daidai ne: tambayoyi da amsoshi kan gwada jimlolin aljabara

Ina koyar da lissafi a wata sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Bara, bayan an shigar da gero rumbu, na rubuta 'yar manhaja don ta taya ni duba amsoshin 'yan aji huɗu, saboda takardu sun yi mini yawa. Tambaya ɗaya ita ce: gona mai gefe huɗu daidai wa daida, kowane gefe taki x, sai aka ƙara mata taki 3 a tsawo, taki 3 a faɗi, nawa girmanta ya zama? Amsar da na ba kwamfuta ita ce x² + 6x + 9. Wata ɗaliba ta rubuta (x + 3)², kwamfuta ta ba ta sifili.

Da aka tashi tara ta biyo ni gindin darbejiya, ta durƙusa, ta ce, "Malam, don Allah a sake duba mini ta uku." Na ce, "Ke, ai kwamfuta ce ta duba." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To Malam, a buɗe bakan a gani." Na buɗe a bayan takardarta da jan biro, sai ga amsata ta fito. Yarinya tana da gaskiya, kwamfuta ma ba ta yi ƙarya ba, ni ne na yi mata tambayar da ba ita nake nufi ba. Tun daga ranar na zauna na bi abin a hankali, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda abokan aiki da ɗalibai suka fi yi mini. Inda na ce "jimla", ina nufin rubutun aljabara irin su 2x + 5 ko (x + 3)².

Wace irin manhaja ake magana a kanta? Ba kalkuleta ba ce?

A'a. Kalkuleta lamba take ci, lamba take bayarwa. Waɗannan kuwa suna aiki da haruffa yadda ɗalibi ke yi a allo: su buɗe baka, su tattara masu kama da juna, su warware x. Ɗaya daga cikin kakanninsu ita ce Macsyma, wadda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1968. Daga cikinta Maxima ta fito, wadda William Schelter ya samu izinin sakinta kyauta a 1998. Akwai Maple daga jami'ar Waterloo ta Kanada, da Mathematica da ta fito a 1988, su biyun na kuɗi ne. Akwai GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a Salzburg, da SymPy, wadda ke gudana cikin harshen Python. Da SymPy na fi aiki, don haka yawancin misalaina nata ne.

Me ya sa SymPy ta ce False, wato ba daidai ba, da na rubuta `(x+3)**2 == x**2 + 6*x + 9`?

Ka ɗauki takardar naira dubu ɗaya a hannun dama, ka ɗauki 'yan ɗari bibbiyu guda biyar, masu hoton Sardauna, a hannun hagu. In ka tambayi mai shago ko ɗaya ne, zai ce ɗaya ne mana, duk sukarin da wannan zai saya wancan ma zai saya. In ka tambayi ƙaramin yaron da bai san kuɗi ba, zai ce a'a, wannan guda ɗaya ce, waɗannan biyar ne, launinsu ma daban. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Mai shago ƙima ya duba, yaro siffa ya duba.

Alamar `==` a SymPy yaron nan ce. A cikin kwamfuta kowace jimla ana ajiye ta ne kamar bishiya mai rassa. Kututturen (x + 3)² shi ne "ɗaga zuwa ƙarfi na 2", reshensa x + 3. Kututturen x² + 6x + 9 kuwa "tarawa" ne, mai rassa uku. Sai `==` ta kwatanta kututture da kututture, ta ga sun bambanta, ta ce False tun ba ta kai ga rassa ba. Ba ta buɗe baka, ba ta lissafa komai. Masu SymPy da gangan suka yi ta haka, don ta kasance mai sauri kuma amsarta ba ta da ƙila-wa-ƙala.

Maxima ma haka take: `is(a = b)` siffa take dubawa, `is(equal(a, b))` ita ke neman ƙima. A Mathematica alama uku, `===`, ita ce ta siffa.

To amma na gwada `x + y == y + x` ta ce True. Ai siffarsu daban.

A idonka daban, amma kafin a kai ga kwatantawa manhajar ta riga ta yi 'yan gyare-gyare da kanta, ba tare da ta faɗa maka ba. Tana jera abubuwan da ake tarawa a tsari guda, tana mayar da x + x ya zama 2x, tana mayar da x·x ya zama x². Har ma in ka rubuta `2*(x+1)` nan take za ta mayar da shi 2x + 2, don haka `2*(x+1) == 2*x + 2` True ne. Amma `x*(x+1) == x**2 + x` False ne, domin ba ta buɗe baka da kanta in harafi ne a waje. Wannan shi ya yaudare ni. Na gwada 'yar manhajata da misalai uku masu sauƙi, duk ta ci, na ɗauka ta san aljabara.

Yaya zan yi mata tambayar da nake nufi?

Ka debe ɗaya daga ɗaya, ka sa ta sauƙaƙa abin da ya rage, ka ga ko sifili ne. In jimlolin su ne a da b, rubuta `expand(a - b)` ko `simplify(a - b)`. In sifili ya fito, shi ke nan, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Kada ka sauƙaƙa a daban, ka sauƙaƙa b daban, sannan ka kwatanta. "Mafi sauƙi" ba abu ne da kowa ya yarda da ma'anarsa ba, ko tsakanin malamai. Wanne ya fi sauƙi, (x + 1)¹⁰ ko buɗaɗɗensa mai gaɓa 11? To x² − 1 fa, da (x − 1)(x + 1)? Manhaja kan iya kai a wani gida ta kai b wani gida, alhali 'yan uwa ne. Sifili kuwa siffarsa ɗaya ce tak.

Kowane irin jimla da kayan aikinsa. In haruffa ne da tarawa da ninkawa kawai, `expand` ta isa, kuma ba ta kuskure. In akwai sama da ƙasa, wato rabawa, `cancel` a SymPy ko `ratsimp` a Maxima. In akwai sin da cos, `trigsimp`. Ita `simplify` gwada-gwada take yi, ta jarraba hanyoyi da yawa ta zaɓi abin da ya fi gajarta, shi ya sa take da nauyi, a tsohuwar waya har ka ɗauka ta mutu.

Na yi haka, sifili bai fito ba. Ke nan ba daidai suke ba?

Nan ne gizo ke saƙar. In sifili ya fito, ka samu amsa. In bai fito ba, abu biyu ne: ko dai sun bambanta da gaske, ko manhajar ce ta kasa ganin hanya. Ka ɗauki tushen murabba'in 3 + 2√2. Shi ne 1 + √2 daidai, ka ninka 1 + √2 da kansa ka gani. Amma gano haka sai da dabara ta musamman, har SymPy ta ware masa umarni nasa, `sqrtdenest`. Wanda ya tsaya a `expand` zai ga ragowa, ya yanke hukuncin banza.

Mutum zai ce to a jira, wata rana za a rubuta manhajar da ba ta kasawa. Ba za a rubuta ba, kuma ba don ƙarancin basira ba. A 1968 wani masanin lissafi, Daniel Richardson, ya kafa hujja a kan haka. Ya ce a ɗauki duk jimlolin da za a iya ginawa da lambobi na sama-da-ƙasa, da π, da ln 2, da harafi ɗaya x, da tarawa, debewa, ninkawa, da sin, da exp, da alamar |x|, ana iya cusa wannan cikin wancan. Babu wata hanya guda, komai tsawonta, da za ta karɓi kowace jimla daga cikinsu ta faɗa daidai ko sifili ce a ko'ina ko ba sifili ba. Dangin abin da Alan Turing ya nuna ne a 1936, cewa akwai tambayoyin da babu na'urar da za ta iya amsa su duka.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar kayan da ya yi amfani da su. Babu ko ɗaya a ciki da ɗan aji shida mai shirin WAEC bai taɓa gani ba.

Saboda haka manhaja mai gaskiya amsa uku gare ta. `a.equals(b)` a SymPy kan ce True, ko False, ko None. Maxima kan ce true, false, ko unknown. Ta ukun ita ce "ban iya tantancewa ba", kuma in ka rubuta shirinka yadda None za ta faɗa layin "kuskure", ka zalunci wani yaro.

Ashe ke nan manhajar ba abin dogaro ba ce?

Hujjar Richardson ta ce babu hanyar da za ta ci kowace tambaya, ba ta ce tambayoyinka za su gagara ba. Jimlolin da suka ƙunshi tarawa, debewa, ninkawa da rabawar haruffa kawai, wato mafi yawan aljabarar sakandare, ana tantance su koyaushe, babu shakka.

Ba sai in zuba lambobi in gani ba?

Hanya ce mai kyau, kuma manhajojin kansu suna yin haka a ɓoye: `equals` tana gwada lambobin canki-canka, Maple na da `testeq`, Mathematica na da `PossibleZeroQ`, wadda sunanta kansa ke cewa "mai yiwuwa".

Duk wanda ya taɓa raka mai sayen riɗi kasuwa, Maigatari ce ko Dawanau, ya san yadda ake yi. Ba ya zazzage buhu. Ƙarfen nan mai rami yake soka wa buhu, ya zaro 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya hura, ya duba. In ya ga yashi sau ɗaya, magana ta ƙare. In bai gani ba, bai rantse cewa babu ba, sai dai hankalinsa ya ɗan kwanta, ya sake soka wani wuri. Kuma ba ya soka baki, don ya san mai algus a baki yake zuba mai kyau.

Haka gwajin lamba yake. Lamba ɗaya da ta ba da amsa biyu daban ta isa hujja cewa jimlolin ba ɗaya ba ne. Lambobi goma da suka dace ba su zama hujja ba tukuna. Bakin buhu a nan shi ne 0 da 1 da 2, lambobin da hannu ke fara kaiwa gare su. Kuskuren da ɗalibaina suka fi yi a tambayar gonar nan shi ne x² + 9. Zuba 0 a (x + 3)², ka samu 9, zuba a x² + 9, ka samu 9. Sai ka zuba 1 sannan asiri ya tonu, 16 da 10. x² da 2x sun dace a 0 da 2. x³ da x sun dace a −1 da 0 da 1. Mafi sharri shi ne sin(πx): duk cikakkiyar lambar da ka zuba, daga 1 har miliyan, sifili za ta ba ka, amma zuba rabi ka ga 1. Don haka ka zaɓi lambobi marasa kyan gani, irin 17 bisa 7 ko −4.3, kuma ka tabbata akwai na ƙasa da sifili a ciki.

Lamba nawa zan gwada kafin in yarda?

In harafi ɗaya ne kuma tarawa da ninkawa ne kawai, akwai amsa tsayayya. Duba ƙarfi mafi girma da zai fito a jimlolin biyu in an buɗe baka, ka ƙara ɗaya. In x² ne mafi girma, lambobi 3 daban-daban sun isa, in x⁵ ne, 6. In suka dace a dukansu, ɗaya ne, hujja ce cikakkiya, domin ragowar da ƙarfinta bai wuce 2 ba ba za ta zama sifili a wuri uku ba sai in ita kanta sifili ce.

In haruffa sun yi yawa, akwai ƙa'idar da ake kira da sunan Schwartz da Zippel. Richard Zippel ya buga tasa a 1979, Jacob Schwartz a 1980, DeMillo da Lipton kuma sun riga su da irinta a 1978. Ta ce in ragowar ba sifili ba ce, kuma ka canki lambobinka daga tari mai yawa, yiwuwar ta yaudare ka ba ta wuce matakin jimlar (wato ƙarfi mafi girma, in an haɗa ƙarfin haruffan da ke gaɓa ɗaya) a raba da yawan tarin ba. Mataki 5, tarin lambobi miliyan ɗaya: 5 cikin miliyan. Ka maimaita sau uku da sababbin lambobi, ka je ka yi barcinka. Amma da zarar sin ko log ko tushe ya shigo, wannan alkawarin ya tashi.

Na rubuta `0.1 + 0.2 == 0.3` a Python ta ce False. Wannan kuma fa?

Wannan wata cuta ce daban. Kwamfuta da tushe biyu take ƙirga, 0 da 1, kuma a wannan tsarin ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa, kamar yadda ɗaya bisa uku ke zama 0.333… a namu. Dole ta yanke shi a wani wuri. Sai 0.1 + 0.2 ya fito 0.30000000000000004. Maganinsa a aljabara shi ne ka guji ɗigo: rubuta `Rational(1, 10)`. Ka kula da `1/3` ma, domin Python za ta mayar da shi mai ɗigo tun SymPy ba ta gan shi ba.

In dole ne ka yi gwaji da lambobi masu ɗigo, kada ka nemi sifili cif, ka nemi ragowa ƙarama ƙwarai. Sai dai nan ma akwai rami. Ka ɗaga lambar e, wadda take kusan 2.718, zuwa ƙarfin π√163, za ka samu 262537412640768743.99999999999925 da 'yan kai. Lambar 9 sau goma sha biyu a jere bayan ɗigo. Duk kalkuletar da ke ƙauyen nan za ta rantse cikakkiyar lamba ce, 640320³ + 744, kuma ba ita ba ce. Kama da wane ba wane ba ne.

Me ya sa ta ƙi yarda cewa √(x²) shi ne x?

Don ba koyaushe ba ne. Zuba −5: murabba'insa 25, tushensa 5, ba −5 ba. Mu a aji mukan ɗauka x tsawon gona ne ko kuɗin tumaki, ba ma tunanin zai sauka ƙasa da sifili. Manhaja ba ta san gona ba. SymPy tana ɗaukar harafi a matsayin kowace irin lamba, har da waɗanda ake ginawa da tushen −1, sai in ka faɗa mata. Rubuta `x = symbols('x', positive=True)`, sai ta ba ka x. Rubuta `real=True`, sai ta ba ka |x|. Maxima kuwa |x| take bayarwa tun farko. Manhaja biyu, amsa biyu, kowace da abin da ta ɗauka game da x.

Haka log(xy) da log x + log y. Ƙa'idar da muke rerawa a aji tana da sharaɗin da mukan haɗiye: x da y su kasance sama da sifili. Manhajar ba ta haɗiye shi.

(x² − 1)/(x − 1) da x + 1 fa? Ta ce ɗaya ne, littafi ya ce a kula.

A nan kuma manhajar ce mai sassauci. `cancel` za ta soke x − 1 sama da ƙasa ta miƙo maka x + 1, ba ta ce uffan ba. Amma zuba 1 a ta farko: sifili bisa sifili, babu amsa. Ta biyu kuwa 2 take bayarwa. Sun dace a ko'ina ban da wuri ɗaya. Ko `x/x` ka rubuta, 1 za ta ba ka nan take, ba ta tambayi ko x sifili ne ba. A aljabarar jimloli wannan halas ne, kuma shi ake so galibi. Amma in darasin ranar a kan inda jimla ke da ma'ana ne da inda ba ta da, kai za ka riƙe wannan sharaɗin a takarda, don ita ta yar da shi.

To in ragowa ta zama sifili, in ba ɗalibi maki kawai?

Bayan abin da ya faru da yarinyar nan na gyara shirina ya koma debewa, na yi ta murna. Mako biyu bayan haka na ba da aiki: a rarraba x² + 5x + 6 zuwa baka biyu. Wani yaro, wanda ya fi kowa wayo a bencin baya, ya kwafe tambayar ya miƙo a matsayin amsa. Kwamfuta ta debe, ta samu sifili, ta ba shi maki cikakke. Da na kira shi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai daidai suke." Na rasa ta cewa, don daidai ɗin suke.

A irin wannan tambaya siffar ce ake nema, ƙimar sharaɗi ce kawai. Dole a yi gwaji biyu: ƙima ta dace, sannan siffa ta zama wadda aka ce a kawo. Masu manhajar STACK, wadda jami'o'i ke amfani da ita wajen duba amsoshin lissafi kuma Maxima ce injinta, sun raba su tun tuni: `AlgEquiv` na duba ƙima, `FacForm` na duba ko an rarraba. Ni yanzu tari uku nake yi. Wanda ya dace ta kowace fuska, maki. Wanda lamba ta nuna ya bambanta, kuskure, kuma ina rubuta wa ɗalibi lambar da ta kama shi, misali "zuba 1 ka gani", wanda ya fi jan gicciye amfani nesa ba kusa ba. Wanda manhaja ta ce None, ko ƙima ta dace siffa ba ta dace ba, wannan nawa ne, da biro.

Ba ni da kwamfuta, wutar ma sai a hankali. Zan iya gwada waɗannan a waya?

Za ka iya, in Android ce. Akwai GeoGebra ta aljabara, akwai Pydroid 3 wadda za ka saka SymPy a cikinta. Sauke su ne ke cin data, don haka ka bari sai ranar da ka shiga Ringim ko Dutse inda sabis ke da ƙarfi. Bayan nan lissafin a cikin wayar ake yinsa, ba ya bukatar intanet. Ni a shagon mai cajin sola na bakin kasuwa nake cika tawa, kuma caji ɗaya kan duba mini aji guda har da saura.

Abu biyu kan tuntuɓe sabon shiga. A Python ƙarfi `**` ne, ba `^` ba. Sannan ninkawa sai ka rubuta ta: `6*x`, ba 6x ba. Ka fara da `from sympy import *`, sai `x = symbols('x')`, sannan ka zuba tambayar gonar nan ta hanya uku, da `==`, da `expand`, da `equals`. Za ka samu False, da 0, da True.